Ruwan zafi a famfon sanyi: yadda za ka gano matsalar kafin a fasa maka bango

Cikin hunturun da ya wuce yayana da ke Fadaman Mada, nan Bauchi, ya kira ni da hantsi. Ya ce, "Ƙanina, in kana kusa ka leƙo. Famfon tsakar gida da muke alwala, wanda babu abin da ya haɗa shi da hita, yau da asuba ya kusa saɓule wa Hajiya hannu." Kafin in isa, mai gyaran da suka fara kira ya riga ya yanke hukunci: wai bututun zafi da na sanyi sun haɗe a cikin bango, sai an fasa tayil ɗin banɗakin sama. Har ya aika yaronsa ɗauko guduma da kurfi. Na ce, "Yaya, a ba ni zuwa la'asar." Ba a fasa ko tayil ɗaya ba, zan kuma faɗi abin da muka tarar idan mun zo wurinsa.

Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya ɗaukar zafi banza. A gidajenmu abu uku ne ke ɗumama shi: rana, hita, sai injin tura ruwa idan yana aiki babu mafita. Aikinka shi ne ka gano wanne ne a cikinsu, sannan ta wace hanya zafin ya biyo. Bokiti, agogo da bayan hannunka sun isa yawancin binciken.

Gargaɗi ɗaya kafin a fara. Idan famfon yana tofar da tururi, ko kana jin hita na tafasa kamar tukunya, ko kan famfo yana jan ka da wuta, kada ka tsaya bincike. Kashe makunnin hitar nan take, ka hana yara zuwa wurin, ka kira mai gyara. Tamostat ɗin da ke yanke wuta idan ruwa ya yi zafi ne ya mutu, ko kuma wuta na zuba cikin ruwa. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar yaro da ta tsoho kuwa ta fi saurin ci.

Mataki na farko: yaushe, a ina, bokiti nawa

Ɗauki kwana guda kana lura. Buɗe famfon sanyin da ake kuka da shi da asuba, da azahar, da bayan isha'i. Kowane lokaci ka tara a bokiti, ka ƙirga yawan ruwan da ya fita kafin ya huce. Sannan ka zaga sauran famfunan gidan, har da tankin masai, ka ga ko duka ne ko ɗaya ne.

Ƙirgar bokitin nan tana da amfani domin bututu ba ya ɗaukar ruwa da yawa. Mita ɗaya na bututun rabin inci bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba, na inci ɗaya kuwa kusan rabin lita. Ka ga ke nan bututun inci ɗaya mai tsawon mita 20 da ya sauko daga tanki ya bi jikin katanga, ruwan cikinsa gaba ɗaya bokiti guda ne na lita 10. In da azahar ruwan ya fito da zafi sosai, bayan bokiti ɗaya ko biyu ya huce, da asuba kuma lafiya lau, to rana ce ke dafa bututu. Wannan shi ne ya fi yawa a garin nan, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke kusantar digiri 40. Bi bututun da ido tun daga gindin tanki. Za ka tarar ya bi kan kwano, ko jikin bangon da rana ke duka da yamma, ko an binne shi sama-sama ƙarƙashin dakali ko intalok. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne wanda aka bi da shi ta cikin silin, ƙarƙashin kwano, inda zafi ke taruwa kamar tanda.

In kuwa ruwan ɗumi-ɗumi ne, ba ya ƙuna amma kuma ba ya hucewa ko ka kwashi bokiti goma, duk famfunan gidan haka, kuma yana nan har bayan isha'i, to tankin ne da kansa. Baƙin tankin roba mai lita 1,000 ko 2,000 da ke tsaye kan ƙarfe babu inuwa yana shan rana tun safe, kuma ruwa mai yawa ba ya saurin sakin zafi. Hau ka sa hannu ka ji.

Kada kuma a ɗora wa bututu laifin da ba nasa ba. Ruwan bohol da aka jawo yanzu yana fitowa da ɗuminsa, an fi jin haka da sanyin safiyar hunturu. Zafin ƙasa ne, ba lalacewa ba. Duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya san wannan, ruwan yana nan a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina.

Maganin rana ba shi da wuya. A yi wa tanki rumfa ta kwano ko zana, a bar sarari tsakaninta da tankin don iska ta ratsa. Wasu na shafa wa baƙin tanki farin fenti, yana taimakawa. Abin da ban ba da shawara ba shi ne sayen tankin da haske ke ratsawa don gudun baƙi, gansakuka za ta cika shi. Bututun da ke fili a sa masa soson da masu gyaran AC ke rufe bututunsu da shi, a naɗe da wani abu a kai domin rana na cinye soson. Wanda aka binne sama-sama a ƙara masa zurfi. Gidan da babu hita, yawanci binciken a nan yake ƙarewa, sai dai a duba batun inji da zan kawo a gaba.

Mataki na biyu: raba gardama tsakanin rana da hita

Idan zafin na zuwa da asuba ko cikin dare, ko cikin hunturu, ko kuma ka lura yana zuwa ne bayan an kawo wuta, hankalinka ya koma kan hita. Kashe ta, ka buɗe famfon zafi har ruwan ya fito da sanyi, domin hita mai kyau tana riƙe zafi fiye da yini. Bar ta a kashe kwana guda. In matsalar ta ɓace, ka san gidan da ɓarawon yake. Gidan da kowane banɗaki ke da tasa hitar, a kashe su duka, sannan a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, kowace a ba ta yininta. Ƙaramar hitar nan ta shawa da ke dafa ruwa yayin da yake wucewa ba ta ajiye ruwa, da wuya ta zama ita ce.

Mataki na uku: taɓa bututun da ke shiga hita

A ƙarƙashin hitar bango akwai bututu biyu. Mai shuɗin zobe shi ne na shigar ruwan sanyi, mai jan zobe na fitar ruwan zafi. Bari hitar ta yi awa ɗaya ko biyu a kunne ba wanda ya buɗe ruwa, sai ka bi bututun shuɗin da bayan hannu. Ɗan ɗumi a tazarar taƙi ɗaya daga jikin hitar ba komai ba ne, ƙarfe ne ke ɗaukar zafi. Amma in zafin ya zarce bawul, wato ɗan makullin ruwa na tagulla da ke jikin bututun, ya yi kamu biyu ko uku yana tafiya, ruwa ne ke komawa da baya.

Ga abin da ke faruwa. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Hita mai lita 50 da ta ɗaga ruwa daga digiri 25 zuwa 65 tana samun ƙarin da ya kai kusan leda ɗaya da rabi ta fiya-wata. Ƙarin nan dole ya sami wurin zuwa. Shi ya sa kowace hita ke zuwa da wani ɗan bawul na tagulla a cikin kwalinta, mai kibiya a jiki da ɗan hanci a gefe. Aiki biyu yake yi: yana barin ruwa ya shiga amma ba ya barin ya koma, masu gyara na ce masa non-ritan, kuma idan matsi ya yi yawa yana ɗigar da ƙarin ta hancin. In babu shi, ko tsatsa da yashin bohol sun maƙale shi a buɗe, ledar nan ɗaya da rabi sai ta koma bututun sanyi, kuma a bututun rabin inci ta isa ta cika wajen mita huɗu. Shi ya sa famfon sanyin da ya fi kusa da hita ke fara ba da ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan ya dawo daidai.

Me ya sa ake yawan rasa bawul ɗin? Tankunanmu ba su da tsawo. Kowace mita 10 ta tsawo ce ke ba da matsin "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa, tankin da ya ɗara hita da mita uku ko huɗu kuwa ko rabin haka bai ba da ba. Sai ruwan zafi ya riƙa fitowa a raunane, maigida ya yi ƙorafi, mai gyara ya zare sifirin da ke cikin bawul ɗin ko ya cire shi gaba ɗaya, ruwa ya ƙara ƙarfi, kowa ya yi murna. Wani kuma hancin ne ke ɗiga a kan tayil, uwargida ta gaji da gogewa, sai a toshe shi. Wannan na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba. Ɗigar nan lokacin da hita ke aiki alamar lafiya ce. A sa mata siririn tiyo a kai shi magudana, amma kada a toshe, kada kuma a sa wani bawul na rufewa tsakaninsa da jikin hita. Ranar da tamostat ya mutu, hancin nan ne ke tsakaninka da fashewar tulun ƙarfe cike da tafasasshen ruwa.

A nan ne matsalar gidan yayana take, amma ta wata fuskar da mutane ba su cika sani ba. Daren ranar tankinsu ya ƙare, ba a sami wutar tayar da sumo ba, wato injin da ke jawo ruwa daga bohol, sai can cikin dare ta zo na ɗan lokaci, hitar sama ta dafa ruwan da ke cikinta. Wani yaro ya buɗe famfon zafi a sama, bai ga ruwa ba, ya tafi ya bar shi a buɗe. Da Hajiya ta buɗe famfon tsakar gida, iska ta shiga ta famfon da yaron ya bari, ruwan hitar ya gangaro ta bututun shigarsa ya fito mata a ƙasa. Da muka kwance bawul ɗin, babu sifirin a ciki. Alamar wannan ita ce ruwan zafi ya fito a famfon ƙasa daidai lokacin da tanki ya ƙare ko aka ɗauke ruwan gwamnati da ke zuwa daga madatsar Gubi, ya yi ta zuba da yawa, sannan ya tsaya cak. Hasara biyu ce, domin hitar ta zama fanko, in wuta ta same ta a haka elemen ɗin, wato ƙarfen da ke dafa ruwan a cikinta, zai ƙone. Duk ranar da tanki ya ƙare a kashe hita, ko bawul ɗinka lafiya yake.

Gyaran shi ne sabon bawul, kibiyarsa na kallon hita. Ana samunsa wurin masu kayan famfo, kuɗinsa bai kai na kwalin tayil ba. In ruwan zafi ya yi rauni bayan an sa, a ɗaga tanki ko a sa ƙaramin injin ƙara matsi, ba a sake zare sifirin ba.

Mataki na huɗu: gwajin haɗewa

Idan bututun shigar hita bai nuna komai ba, saura ka gano ko akwai inda layin zafi da na sanyi ke gaisawa. Mai gyaran nan bai yi ƙarya ba da ya ce suna haɗewa, inda ya kauce shi ne wurin. Da wuya ka ga sun haɗe a cikin bango. A cikin kan famfo suke haɗewa.

Kashe wutar hita. Rufe bawul ɗin da ke kai mata ruwan sanyi. Je ka buɗe famfon zafi guda ɗaya har ƙarshe. Yadda ya kamata, ruwa ya zubo kaɗan, ya koma ɗigo, ya tsaya, tunda ka yanke hanyar da ke ciyar da layin zafi. In ya ci gaba da zuba bayan minti biyu ko uku, ruwa na shigowa layin ta wata ƙofar. Sai dai ka tabbata bawul ɗin da ka rufe yana rufuwa da gaske, tsofaffin masu kan dabaran nan sukan yi ƙarya.

Tun kana nan, zaga ka buɗe famfunan sanyi ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya ƙi kawo ruwa alhali bawul ɗin hita kaɗai ka rufe, to tun wurin gini aka jona shi a layin zafi. Yana faruwa a sababbin gidaje da inda aka ƙara banɗaki daga baya, kuma tankin masai da ke cika da ruwan ɗumi shi ne ya fi tona wannan asiri. Ƙa'ida ita ce zafi a hagu, sanyi a dama. A wurin wanke hannu sau da yawa tiyo biyun da ke ƙarƙashi ne kawai aka sauya, minti biyar ya isa a mayar.

To, a ce famfon zafin bai tsaya ba. Bar shi yana zuba, ka sa wani ya tsaya a kansa. Kai kuma ka bi duk wani famfo mai haɗa zafi da sanyi, wato mikisa, kana rufe ƙananan bawul biyun da ke ƙarƙashinsa. Ka rufe na kicin, ka tambaya, "Ya tsaya?" In bai tsaya ba ka buɗe, ka wuce na gaba. Wanda ka rufe ruwan ya ɗauke, shi ne. Mikisar shawa da ke manne a bango yawanci ba ta da waɗannan bawul. Ita sai ka ɗora bakin sukudireba a jikinta, ka kara ƙotar a kunne, za ka ji shuuu ɗin ruwa na wucewa alhali a rufe take. A ranar da hita ke aiki ma, in ka taɓa ka ji ɓangaren dama da zafi ba wanda ya yi wanka, ka kama ta.

Mai hannu ɗaya, wadda ake ɗagawa a karkata hagu ko dama, ita ce ta fi yin wannan. A cikinta akwai katirij mai faifai biyu na tangaran da 'yan robobi. Yashi ya karce faifan ko roba ta mutu, sai zafi da sanyi su sami hanya a tsakaninsu ko da ba ɗigo ɗaya a waje. Ruwa kuma kullum yana bin inda matsi ya fi sauƙi. Da wani ya buɗe famfon sanyi a wani ɗaki, ko aka ja ruwan masai, matsin layin sanyi ya faɗi, sai na zafi ya kutsa ta cikin mikisar ya bi shi. Wannan ne ya sa famfon da ke kuka sau da yawa ba shi ne mai ciwon ba. Katirij ɗin ana canza shi, ba sai an sayi sabon famfo ba, amma ka tafi kasuwa da tsohon a hannu domin girmansu ya bambanta, akwai mai milimita 35 akwai mai 40.

Kafin ma ka kwance komai, duba abin da na fi tararwa a gidajen haya da masaukin baƙi: shawar hannu mai maɓalli a kai, ko tiyon tsarki da aka jona a mikisa. Mutum ya daidaita zafi da sanyi yadda yake so, ya gama, sai ya saki maɓallin kan tiyon kawai ya fita. Ruwa ya tsaya a ido, amma ƙofofin biyu a buɗe suke, layukan na zuba cikin juna har gobe. Babu abin da ya lalace, a dai koya wa mutanen gida rufewa daga jikin mikisa. Haka injin wanki da aka haɗa masa zafi da sanyi da tiyo mai reshe biyu, rufe bawul ɗinsa ka sake gwajin.

Sauran ƙanana

Idan duk gwajin nan ya fita lafiya, amma bayan wani ya yi wanka famfon sanyi na ba da kofi ɗaya ko biyu na ɗumi, bututun biyu ne aka kwantar jiki da jiki a rami ɗaya cikin bango babu soso. Ni dai ba zan fasa bango don wannan ba, a bari sai ranar da za a sake tayil.

Injin tura ruwa na sama, in na'urar da ke kashe shi ta lalace, yakan yi ta juyawa alhali duk famfuna a rufe. Ruwan da ke cikinsa sai ya yi zafi har ya lanƙwasa bututun roba da ke bakinsa. Za ka ji ƙararsa ba ta yankewa, jikinsa kuma ba ya taɓuwa. Kashe shi kafin ya ƙone.

Masu hitar sola a kan rufi su ƙara kula. Mai bututun gilashi tana iya kai ruwa ga tafasa a bazara, kuma tana sama da komai a gidan, don haka in babu non-ritan a layin da ke ciyar da ita, abin da zai gangaro ba ɗumi ba ne. Bayan an gyara irin wannan, ko matsalar tamostat, a duba bututun sanyin da ruwan ya bi. Farin bututun PVC ba a yi shi don abin da ya wuce digiri 60 ba, gam ɗin mahaɗarsa yakan saki daga baya. Koren PPR da ake haɗawa da wuta shi ne na zafi.

Yaushe fasa bango ya halatta? Idan ka rufe kowace mikisa da injin wanki, ka tabbatar bawul ɗin hita na rufuwa, famfon zafi kuma bai daina zuba ba. A nan ne kawai za a ce an jona layukan a ɓoye. Ko a nan ma, a fara da inda aka yi gyara ko ƙari na baya-bayan nan, kuma a kunna hita a bi bangon da tafin hannu a ji inda ɗumin ya bi, a yi alama da alli, a cire tayil biyu ko uku a wurin. Bayan kowane gyara, kafin mai gyara ya karɓi cikon kuɗinsa, ku sake gwajin tare: a rufe bawul ɗin hita, a buɗe famfon zafi, a ga ya tsaya. Sannan a buɗe bawul ɗin, a bar famfon zafi na zuba har iska ta gama fita ruwa ya daidaita, kafin a mayar wa hitar da wuta.